Ranar da Hajiya Rabi Ta Ƙi Zuwa Tiyata

Har yau ban manta da wata Litinin ba, lokacin ina nas a ɗakin tiyatar wani asibiti a unguwar Treichville, cikin birnin Abidjan. A watan ne wasu likitoci baƙi suka zo mana da wata na'ura ta 'yan makonni. Aikinta shi ne a haska wa mai sankarar mama hasken magani tun tana kan gadon tiyata, ana cire ƙullun. A da sai ciwo ya warke, sannan mace ta yi makonni tana zirga-zirga kullum ana haska ta daga waje. Mata da yawa sukan gaji su daina, cutar ta dawo.

Ba kowa ake yi wa ba, sai wadda ƙullunta ƙarami ne, bai bazu ba. Cikin waɗanda aka zaɓa akwai Hajiya Rabi, mai sayar da goro a kasuwar Adjamé, ta haura sittin. An ce ta zo Litinin da rana a kwantar da ita, Talata da safe a yi aiki. Har la'asar ba ta zo ba.

Majo, wato shugabar nas-nas, ta kira ni. “Hadiza, ke ce Bahaushiya a nan. Farfesa, babban likitanmu, ya ce in ba ta zo yau ba, wata za a ba gurbinta, kuma ranar Juma'a za a tafi da na'urar.”

Na hau gbaka, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Adjamé. Na same ta a rumfarta tana yayyafa wa goro ruwa, kamar babu abin da ke jiranta.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, lafiya muka ji shiru?”

Ta ce, “'Yar nan, yanka na yarda. Amma a buɗe ni a ƙona ni da wuta? Ku bar ni in mutu da jikina.”

Ashe 'yarta ce ta yi mata tafinta a wurin likita. Haifaffiyar Abidjan ce, Faransanci ya fi zama a bakinta, sai ta ce mata za a sa mata wuta a ciki.

Na ɗauki wani goro da ta ware gefe, na ce, “Inna, wannan me ya same shi?”

“Sankara.”

“In kin yanke wurin, shi ke nan?”

Ta harare ni. “Wa ya gaya miki? Sai an kankare gefen. Abin da ido bai gani ba shi ke cinye sauran.”

Na ce, “To likita zai yanke abin da ya gani. Hasken nan shi zai bi gefen, ya kashe ƙwayoyin cutar da suka ɓuya, kada su sake hayayyafa. Babu harshen wuta, kina barci za a yi, kuma mamanki na nan.”

Sai ta ce wa maƙwabciyarta ta rufe mata kwanduna.

Da safe Farfesa ya cire ƙullun. Aka sa kan na'urar, wani abu kamar ƙaramar ƙwallo, cikin gurbin, aka janye fata gefe don kada hasken ya taɓa ta. Duk muka fita, muna kallon numfashinta ta allo. Kusan rabin awa aka yi ana haskawa. Da aka kashe na'urar muka koma aka ɗinke.

Tana farfaɗowa ta kai hannu ƙirjinta. Ta shafa, ta sake shafawa, ta ce, “Alhamdu lillahi. Yaushe za a yi hasken?”

Na ce, “An gama, Inna.” Har Majo sai da ta yi dariya da na fassara mata.

Sakamakon gwajin naman ya fito, gefen tsaf, cutar kuma ba ta kai hammata ba. Farfesa ya ce ba ta buƙatar hasken waje, sai ƙwaya kullum da zuwa dubawa. Shekara uku ke nan, ko sau ɗaya ba ta tsallake ranarta ba, kuma mata biyu daga layinsu ta jawo da hannunta aka duba su da wuri.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in mara lafiya ya ƙi zuwa, kada ku yi saurin rubuta cewa ya ƙi magani. Ku je ku tambaye shi abin da ya ji an ce za a yi masa.