Na Ɗaya a Allon Bature

Duk wanda ya saba bin layin masu goro a Agege ya san shagon Bature, ko da bai taɓa sayen komai a ciki ba. Kayan shagon ba su taka kara sun karya ba: caja ce, da murfin waya, da 'yan batura a kan tebur. Abin da ke tsayar da mutum shi ne baƙin allon da ke rataye a bakin ƙofa, an jera lamba ɗaya zuwa goma da alli, kowace lamba da sunan fim a gabanta. Su ne finafinai goma da suka fi kowanne kyau, a hukuncin majalisar da ke zama a bencin shagon duk Lahadi bayan la'asar. Allon ya haura shekara ashirin a wurin, an sake masa fenti har sau huɗu.

Bature haifaffen Agege ne. Kakansa sojan Turawa ne da aka sallama a Ikko, ya ƙi komawa gida ya kama fataucin goro. Ranar Talata aka haifi jikan, shi ya sa aka ce masa Bature, alhali baƙi ne wuluk. Yarbanci a bakinsa har Yarbawa kan tambaye shi ɗan wane gida ne. Iyakar tafiyarsa Ilorin, ita ma biki ya kai shi. Abin da ya sani na Arewa daga bakin tsofaffi ya ji, sauran kuma a kaset ya gani.

Shi da yayansa Sanda suka buɗe shagon a matsayin wurin hayar kaset. Sanda ne mai kai da kawo. Shi ke zuwa Ketu ya tari direbobin da ke sauke tumatir a Mile 12, ya karɓi kwalin sababbin finafinai daga Kano, ya zo ya tantance su. Bature kuwa aikinsa zama da kallo da surutu, kuma ya iya. Idan ya ba ka labarin fim, sai ka ɗauki hayarsa ko da ba ka da bidiyo a gida. A shekarar 1999 danfon da Sanda ya shiga, wato bas ɗin haya, ya kife a titin Ikorodu, aka kawo gawarsa kafin azahar. Mahaifiyarsu Iyatu ba ta yi kururuwa ba, ta dai daina fitowa tsakar gida.

Wata huɗu bayan haka, da tsakiyar damina, wani kwali ya iso. An cusa shi ne a ƙarƙashin kwandunan tumatir, ruwa ya jiƙe shi sharkaf, takardun da ke manne a jikin kasa-kasan duk sun ɓare sun dunƙule a ƙasan kwalin. Finafinan Hausa na lokacin kashi biyu suke zuwa, na ɗaya da na biyu, kowanne a kaset ɗinsa. Masu kwafa kuma kan datse rubutun farko don kada zare ya ƙare musu. Babu Sanda, sai Bature ya zauna da gam da almakashi, yana sa kaset a bidiyo, ya duba fuskoki, ya manna takarda. Fuskokin kuwa da ma 'yan kaɗan ne, su ne a kowane fim.

A cikin wannan kwalin ya samu Ɗan Autan Mai Rini. A kashi na ɗaya, Auta ya yi sa-in-sa da mahaifiyarsa, ya fita cikin fushi, mota ta kaɗe shi. Aka yi jana'iza, aka zauna makoki, kaset ya ƙare. Bature ya sa kashi na biyu. Gari ya waye, tsohuwar tana shara, sai ga sallama. Auta ne ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Inna, akwai sauran koko?" Ita kuma ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Sai yanzu? Yana cikin ƙwarya." Ba wanda ya gudu, ba wanda ya yi salati, ba wanda ya tambaye shi inda ya kwana. Ya zauna ya sha kokonsa, labari ya ci gaba da maganar gona.

Bature ya rufe shago ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar Sanda. Washegari ya ɗauki bidiyon da talabijin ɗin ya kai ɗakin Iyatu. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce ya mayar mata wurin kokon. Daga nan duk Juma'a sai ya kai mata, kuma wurin kokon kaɗai take so. Haka suka yi shekara shida har ta rasu.

Da ya rataye allo, wannan fim ya sa a lamba ɗaya, kuma ya kafa doka. Fim ba ya hawa allo sai mai goyon bayansa ya miƙe tsaye ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe, sai kuma mutum uku sun yarda. Wanda aka kama ya ƙara gishiri, fim ɗinsa ya sauka a take. Allin yana aljihun Bature, tsumman gogewa ma haka. A kan wannan benci an yi ta tashin jijiyar wuya: na Indiya sun hau sun sauka, na Sin masu tsalle-tsalle sun riƙe lamba huɗu shekara bakwai, wani na Yarbawa ya shiga da ƙyar bayan an yi wata guda ana gaba. Kaset ya wuce, faifai ya zo shi ma ya wuce, Bature ya koma sayar da caja. Lamba ɗaya dai ba ta motsa ba.

Ba don kowa ya gamsu ba ne. Tun zamanin haya akwai masu dawo da kaset ɗin suna cewa ba su gane ba, shi kuma ya ce ai ba kowane kai ne ke ɗauka ba. Wani ɗan tumatir daga Kano, Mu'azu, ya taɓa cewa shi fa ya ga fim ɗin a gida, kuma bai tuna Auta ya dawo ba. Bature ya ce, "Kai sau ɗaya ka gani kana gyangyaɗi, ni sau nawa?" Aka yi dariya, Mu'azu ya ja bakinsa. Ambaliyar 2011 kuwa ta cinye duk tsofaffin kasa-kasan shagon, ya zama fim ɗin babu shi ko'ina a Agege sai a bakin Bature.

Babban abokin adawarsa shi ne Hadi tela, wanda shagonsa ke kallon nasa. Tare suka yi makarantar allo, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Hadi ya kamu da sababbin finafinai masu dogon zango da ake kallo a waya, yana ganin an danne musu haƙƙi.

"Oga Bature," in ji shi wata Lahadi, "shebi dokarka ce a ba da labari? To wa zai kama ka in ka ƙara? Fim ɗin da yanzu babu shi ko'ina sai a bakinka, abi aljanu ne suka yi shi?"

"Naka da kowa ya gani me suka tsinana?" in ji Bature. "Mako ɗari ana jan magana ɗaya kamar cingam. A nawa, mamaci ya shigo gida, uwarsa ta ba shi koko. Wanda ya tsara wannan ya san abin da uwa ke so. Kawo min irinsa guda ɗaya, ni da hannuna zan goge."

Wannan gardama ce ta ishi 'yarsa Fareeda, wadda ke aikin ofis a Ikeja. Ta tashi da labarin Auta a kunnenta, ba ta taɓa gani ba, kuma tana jin zafin yadda Hadi ke mai da mahaifinta abin tsokana. Ta ƙudurta sai ta nemo fim ɗin ta toshe wa tela baki. Ta yi makonni tana lalube a intanet, har ta faɗa wa wani shafi da ake ɗora tsofaffin finafinan kaset. Ga shi nan, kashi na ɗaya da na biyu, da rubutun farkonsu cif. Don murna ba ta tsaya kallo ba. Ranar Asabar da hantsi ta zo shago ta jingina wayar a jikin kwalin batura.

"Baba, yau Baba Hadi zai shiga uku," ta ce. "Oya, matso."

Bature ya sa tabarau. Kashi na ɗaya ya zo daidai, har yana rigan 'yan wasan faɗin maganarsu. Aka binne Auta. Fareeda ta danna na biyu, Bature ya gyara zama. Sai ga mutane a tabarma ana addu'ar arba'in. Daga nan aka shiga rigimar rabon karofi, wurin rinin gidan, tsakanin 'yan'uwa. Tsohuwar ba ta yi shara ba, ba wanda ya yi sallama. Sau ɗaya aka ga Auta, a hoton da ke jikin bango.

"Ba shi ba ne," in ji Bature. "An sa wani."

Fareeda ta mayar baya ta nuna masa rubutun: Ɗan Autan Mai Rini, kashi na biyu. Ya ƙura wa rubutun ido. Ita kuma, da yake ba ta iya barin abu rabi ba, ta shiga buɗe sauran finafinan shekarar da ke shafin ɗaya bayan ɗaya. A na biyar, wani mai suna Gonar Hansai, kashi na biyu, gari ya waye, tsohuwa tana shara. Ɗan wasan ɗaya, tsohuwar ɗaya, gidan ma ɗaya, kuma nan ma Auta take kiransa. Fim ne na manoma, ba wanda ya mutu a cikinsa. Yaron daga gona ya dawo yana jin yunwa, shi ke nan.

Bature ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya tuna kwalin nan, da warin ruɓaɓɓen tumatir, da gam a yatsunsa. Shi ya manna takardar. Kunya ta kama shi, amma ba ita ta fi ci masa rai ba. Abin da ya fi zafi shi ne ashe babu wani mai hikima a Kano da ya zauna ya tausaya wa uwar da ta rasa ɗa. Shekara shida yana kai wa Iyatu kuskurensa duk Juma'a.

"Baba, ni ban ga komai ba o," in ji Fareeda a hankali. "Baba Hadi bai iya neman irin wannan ba. A bar allon yadda yake."

"Na sauke finafinan mutane a kan ƙarin gishirin da bai kai wannan ba," ya ce. "Je ki gida, mamanki na jiranki."

Ranar Lahadi benci ya cika kamar kullum. Kafin kowa ya buɗe baki Bature ya miƙe tsaye, abin da rabonsa da yi tun da aka rataye allon. Ya ba da labarin Ɗan Autan Mai Rini daga farko har ƙarshe, na gaskiyar, da addu'ar arba'in da rabon karofi. Sannan ya ba da labarin kwalin da ya jiƙe. Bai rage komai ba, sai maganar Iyatu, wadda da ma Hadi kaɗai ya san ta, don shi ke taya shi ɗaukar talabijin ɗin.

Wasu suka fashe da dariya, ba za a ga laifinsu ba. Hadi da ya shekara ashirin yana jiran wannan rana bai yi ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "To, a bar shi mana. Ai ya daɗe a wurin, wa ya dame mu?"

"Allon na finafinan da aka yi ne," in ji Bature. "Wannan ba wanda ya yi shi."

Ya ciro tsumma ya goge lamba ɗaya. Allin ya daɗe har ya ci fenti, sai da ya jiƙa tsumman ya dirje. Ya matsar da kowane suna sama da ɗaya, wani na Indiya ya zama na farko, lamba goma ta zama fili. Nan take aka kaure da gardamar wanda zai shiga, Hadi ya miƙe ya fara labarin nasa mai dogon zango, aka yarda da shi kafin magariba. Bature ya rubuta da kyakkyawan rubutu, ya mayar da alli aljihu.

Har yanzu majalisar na zama, kuma har yanzu shi ke hukunci, sai dai ya rage ɗaga murya. Juma'ar da ta biyo baya, da aka sauko masallaci, Fareeda ta biyo ta shagon. Ya miƙa mata wayarsa ya ce ta zuba masa finafinan nan. Ta tambaye shi ko duka huɗun yake so, kowanne da cikonsa.

"A'a, biyu kawai," ya ce. "Na ɗayan mai rini, sai na biyun gonar. Ki jera su yadda in wannan ya ƙare, wancan zai tashi da kansa."