Ɗan Yatsana da Ramin Fulogi

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, kowa a Mafara sai da ya zama wani abu. Ni makanike na zama, da sifana biyar da bakin da ya fi sifanun aiki. Kawuna kuwa, dillalin shanu ne a Maradun, ya sayi a-kori-kura ya kawo mini in canza mata fulogi.

Don in burge shi, na ɗaure fulogin nan da ƙarfin da Allah ya ba ni. Sai na ji hannuna ya tafi sululu. Tiredin ramin, zaren nan da fulogi ke bi in ana murɗa shi, ya cinye! Na ɗago na ce, "Kawu, wallahi haka Turawa suka ƙero ta." Ya dube ni, ya ce in ba ta tashi ba kafin kasuwar Talata, Gusau zai kai ta. Ni kuwa na sani, ranar da aka ji kawuna ma ya tsallake ni, ko keke ba mai sake kawo mini.

Na yanko gwangwanin madara na naɗa wa fulogin, na cusa. Ta tashi! Na yi rawa a gaban masu shayi. Ko gidan mai ba mu kai ba muka ji tau, kamar bindigar maharbi. Fulogin ya yi tsalle ya lotsa bonet, wata mai fura ta zubar da ƙwarya ta ranta a na kare.

Wani mutumin Bakura da ke aiki a garejin dam ya taɓa gaya mini suna da wata 'yar waya naɗaɗɗiya, ana murɗa ta cikin ramin da ya cinye ta zama sabon tiredi. Na auna faɗin ramin da tsinken tsintsiya, na karya daidai, na ba Kawu ya ajiye don aljihuna a huje yake. Muka hau tifa zuwa garejin dam. A hanya Kawu ya sayi tsire.

Ka san sauran. Da muka isa na ce ya ba ni awo, sai ga shi yana sakace da shi, saura rabi.

Mutumin Bakura ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya jawo akwati cike da wayoyin nan, manya da ƙanana, suna ƙyalli. Kawu ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki wadda ta fi kowacce ƙiba, ya latsa, ya jinjina a tafi yadda yake yi wa tozon bijimi.

"Wagga muka so," in ji shi. "Ta ƙoshi."

"Alhaji, ba layya za ka yi da ita ba," in ji mutumin Bakura. "In ta yi yawa sai an ƙara huda kan injin, ya lalace gaba ɗaya. Ina fulogin?"

Fulogin na Mafara. Sai na tuna kwana biyu ke nan ina zura ƙaramin yatsana a ramin nan ina salati, har ya yi mini zoben baƙin mai a gaɓar farko. Na shiga gwada wayoyin a yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar amarya a wurin maƙeri. Ta bakwai ta tsaya cak a kan zoben. Wata 'yar siririya ce, Kawu har tsaki ya yi mata.

Mutumin Bakura ya biyo mu da ƙarfen yanka tiredi, ya gyara ramin, ya murɗa wayar ciki. Na ɗaura fulogi a hankali, wannan karon kamar mai sa wa jariri kwalli. Ranar Talata motar ta shigo kara, kasuwar dabbobi, da raguna goma sha, tana gurnani, ni ina baya ina ɗaga wa mutane hannu kamar ni na ƙera ta.

Kawu ya tara 'yan uwansa dillalai, ya kama yatsana ya ɗaga sama. Na buɗe haƙora ina jiran yabo.

"Ku kawo mai motocinku," ya ce. "Hannun da ya ɓata ta shi ya gyara ta." Ya juyo gare ni. "Ni da ke sayen shanu, kai za ka ɓoye wa gurgunta? Tun ranar na gani, ɗana. Jira nake in ga ko za ka gudu."