Wanda Ya Je Boma

Duk wanda ya san Saude mai turara shinkafa a Kura ya san akwai maganar da ba a yi a gabanta: a ce Maharazu ne ya yi yaƙin Boma.

Zamanin Turawa, da aka ce kowane dagaci ya kawo samarin soja don yaƙin duniya a ƙasar Boma, Maharazu aka rubuta. Gogan naka ya shige rumbu ya ƙi fitowa. Ƙanensa Baballe, mahaifin Saude, shi ya amsa sunan ya tafi. Ya dawo bayan shekara uku, takardar sallama ɗauke da sunan wansa. Maharazu ya ce ai kayan mai suna ne, ya karɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baballe ya mutu bai ce uffan ba, Saude ta gaji fushin, ta yi ta hura shi shekara arba'in.

Bana sai ga Malam Taufiq, malamin tarihi daga Dawakin Kudu, zai rubuta littafi a kan Maharazu, gwarzon Boma. Alhaji Lukmanu, ɗan Maharazu, ya tara dattawa a zaure, ya fito da takardar yana ta hura hanci. Saude ta bar tukunya a wuta ta zo.

"Malam, ubana ne ya je."

"Baba, ni abin da ke rubuce nake bi," in ji Malam. "Zancen baki sai da shaida."

"To karanta har ƙasa. Ban yi boko ba, amma na san likitan soja ya rubuta wani abu."

Malam ya juya shafi. "An ce ya rasa yatsu biyu na hannun hagu a bakin daga."

Saude ta waiwayi tsohon limamin unguwa. "Liman, kai ka yi wa Maharazu wanka. Yatsu nawa ka wanke?"

Liman ya sunkuyar da kai. "Goma."

"Na ubana fa?"

"Takwas."

Lukmanu ya matso. "Saude, ki dubi zumunci, ki rufa mana asiri."

"Yaya, zumuncin ne ya cinye ubana."

Ko ɗigon tausayi ba ta ji ba, daɗi ma ta ji. Ta tsaya a kan Malam sai da ya soke sunan Maharazu, ya rubuta Baballe, ya sa lambar shafin da shaidar Liman a ƙasa. Sannan ta ce ya karanta da ƙarfi, don na waje ba su ji ba.