Shekara Ashirin da Biyu a Bencin Baya

A cocin kowa Mai Guga yake ce mata, har Fada, limamin cocin. Shekara talatin ita ke wanke farin ƙyallen da ake shimfiɗa wa bagade, teburin ibada na gaban coci, ta sa masa sitaci, ta goge shi har ya kusa tsayawa da kansa. Ta san inda kyandir yake ɗiga, tana gane Fadan da hannunsa ke rawa daga tabon ruwan inabin da ya bari. Amma rabonta da karɓar Jibin Ubangiji, tsarkakakkiyar gurasar da Fada ke rabawa daga kan ƙyallen nan, shekara ashirin da biyu ke nan.

Laifin nata ba shi da tsawo. Mijinta na fari, wanda aka ɗaura musu aure a gaban bagaden, ya sa ƙafa ya tafi, ya bar ta da 'ya'ya uku da karyayyen haƙori. Bayan shekara shida wani kafinta da ya zo gyaran benci ya ce yana so, suka je ofishin rajistar aure na gwamnati aka ɗaura. A dokar coci kuwa aure ba ya mutuwa sai ɗayansu ya mutu, wancan bawan Allah kuma ko mura ba ya yi. Don haka har gobe matarsa ce a wurinsu, zamanta da kafintan da ya raini yaran ya aurar da biyu kuwa zaman zunubi ne.

Sau biyu tana kai kukanta ofishin Bishop. Maza uku da ba su taɓa aure ba suka zauna suna tambayarta me ya hana ta ƙara haƙuri. Ta gaji, ta daina zuwa. Duk Lahadi in an yi layin karɓar Jibi, sai ta janye gwiwoyinta a bencin baya mutane su wuce. Abin yana cin ranta, ba ta taɓa cewa ba ya ci ba.

Bara kafinta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Ita ke juya shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki, sannan ta jona dutsen guga da bayanta da ya daina miƙewa.

Wata rana da hantsi sabon Fada ya zo gaishe su, mutumin kirki, sa'an ɗanta na biyu. Ya zauna a kujerar da kafinta ya ƙera, sai murmushi yake yi, ya ciro ɗan gwangwanin azurfa da ake kai wa marasa lafiya Jibi a ciki.

"Mama, na samo miki hanya," in ji shi. "Doka ta ce in kuna zaune kamar wa da ƙanwa, za ki iya karɓa. To ga Baba yadda yake. Ki ce min haka kuke, ki yi alkawarin haka za ku ci gaba, yau ɗin nan zan ba ki."

Ta zuba wa gwangwanin ido. Tana so, Allah ya sani tana so. Sai ta waiwaya gado. Kafinta ba ya magana, amma kunnensa ras yake, idonsa kuma na kanta.

"Fada, da yana da ƙarfinsa ku kuka ce ba mijina ba ne, na yi shiru. Yanzu da ya kwanta, ni ake so in faɗa da bakina, a gabansa?"

"Kalma ce kawai, Mama."

"Ita kaɗai ta rage masa," ta ce. "Mijina ne. Mayar da abinka aljihu, ɗana."

Fada ya mayar da gwangwanin aljihu. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauko ƙyallayen bagade a ninke, har yanzu da ɗuminsu, ta ɗora masa a hannu.

"Tafi da su, ka hutar da ni kai su coci. Lokacin juya maigidan ya yi."