Shuɗin Yadin da Baba Ya Kai Bugu

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare, na ga kaina a allon kwamfuta ba ni da jiki. Fuskata ce kawai take yawo a kan dutsen Dala, tafin hannuwana kuma suna can ƙasa suna ta bayani su kaɗai. Aji ya kece da dariya har wani ya zame daga benci. Malam Sadisu, malaminmu na kwamfuta, shi ya kawo wannan sabon abu makarantarmu da ke Yakasai: a kafa koren ƙyalle a bango, ɗalibi ya tsaya a gabansa a ɗauke shi da kyamara, sai kwamfuta ta cire duk abin da yake kore ta sa hoton da ake so a gurbinsa. Abin da Malam bai tuna ba shi ne, hijabin makarantarmu kore ne shar, tun daga ka har gwiwa. Kwamfuta kuwa ba ta san hijabi ba, ba ta san bango ba, ta haɗa duka ta cinye.

Bidiyon nan shi za a nuna wa iyaye a ƙarshen zango, kuma namu rukunin na 'yan mata tarihin Dala da ganuwa aka ba shi. Ni na rubuta bayanin. Sati biyu ina zama gaban kakata a gidanmu na Soron Ɗinki, ina taya ta tsintar shinkafa tana ba ni labarin ƙofofin gari, ƙawayena suna ta 'yar carafke a zaure ban leƙa ba. Dala kuwa ban taɓa hawa ba. Daga saman bene nake hango shi idan na hau shanya, don a gidanmu ba a barin 'ya mace ta je hawan dutse. Shi ya sa ƙyallen nan ya shiga raina: ko a hoto ne, ina so in tsaya a can in faɗi abin da na rubuta da bakina.

Hedimasta ya yanke hukunci cikin minti biyu. Ba za a fito a bidiyon makaranta ba sai da kayan makaranta, to tunda rigar maza fara ce, a ba su takardata su karanta, mu kuma a sa sunayenmu a ƙarshe. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Maza har sun fara rabon sakin layi. Na ninke takardar na cusa a aljihu, na ce ba zan bayar ba. Na sha bulala uku a tafin hannu, ban bayar ba. Haushi nake ji har wuya, kuma ba kunyar faɗa nake ba, har yau idan na tuna sai na ji shi. Da aka tashi na bi Malam Sadisu na tambaye shi ko dole ne sai kore. Ya ce a'a, shuɗi ma yana yi, in dai launin ya zauna bai ɗaya kuma ba mai duhu ba ne, amma makaranta kore ta saya, ba za ta sake sayen wani ba. Ya ba ni zuwa Alhamis ta sama.

Malam bai san 'yar wa yake magana da ita ba. Babana marini ne, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu, sabulu ya daɗe da sallama musu. Ranar Asabar na roƙi Umma farin zanen gadonta, na haɗa da kwanon abincin Baba na kai masa marina. Na ce ina so ya tsoma sau biyu kawai, ya tsaya a launin sararin sama. Ya dube ni kamar na zage shi. A wurinsu, yadi mai hasken shuɗi aikin da ba a gama ba ne, aikin ɗan koyo, kuma abokan sana'arsa suna zaune a bakin ramukansu suna kallo. Ya ce shi ba ya rabin rini. Na zauna a kan dakali na ce ni ma ba na rabin aike, a nan zan wuni. "Taurin kan nan ba a ƙasa kika tsince shi ba," in ji wani tsoho a gefe, aka yi dariya. Daga ƙarshe Baba ya tsoma. Na tuna yadda zanen ya fito daga rami kore-kore har na ɗauka aiki ya ɓaci, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa shuɗi a kan idona.

Kuskuren daga soyayya ya fito. Baba ya ga ba zai bar 'yarsa ta shiga makaranta da yadi haka tsirara ba, sai ya kai shi wurin masu bugu ba tare da ya gaya mini ba. Suka shimfiɗa shi a kan gungume suka yi ta dukansa har ya yi sheƙi kamar kayan angon Sallah. Ranar Litinin da muka kafa shi, hasken taga ya sauka a kansa ya yi ta ƙyalli, kwamfuta ta rikice, Dala ya fito duk ramuka kamar zanen da gara ta ci. Maza suka sake samun abin dariya, hedimasta ya miƙo hannu ya ce in kawo takarda. Na ce Malam ya ce Alhamis, kuma yau Litinin.

Da na koma gida na ja ruwa a rijiya na cika baho, na tsoma yadin na fara cuɗawa. Wanda bai tashi a gidan marina ba ba zai gane girman abin ba: a wanke yadin da bai jima da fitowa daga bugu ba, a gaban mai shi. Umma ta riƙe baki. Baba ya shigo daga sallar La'asar ya tarar da ni tsugune a bakin rariya, shuɗin ruwa yana bin ƙafafuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na gaya masa sheƙin ne ya ɓata mana aiki. Ya juya ya shige ɗaki, kuma kwana biyu yana amsa gaisuwata da ka. Na yi kuka a bayan murhu, amma na shanya yadin, na kuma goge shi da kaina.

Ranar Alhamis muka kafa yadin, aiki ya yi. Mu shida muka fito cikakku a kan Dala, da koren hijabinmu har da bajo, gari ya bazu a bayanmu.

Ranar iyaye Baba ya zo da babbar riga, ya zauna a layin baya ya ɓoye hannuwansa. Aka nuna bidiyon, aka tafa. A hanyar gida, da muka shiga lungunmu, sai ya tsaya.

"To ina yadin? Ban gan shi ba ko kaɗan."

Na ce aikinsa ke nan, Baba, in ya yi kyau ba a ganinsa.

Ya jinjina kai. "Tun ina yaro nake rini don a gani a yaba. Wannan ne na farko da ya ɓace." Ya ci gaba da tafiya, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ke na gan ki."

Yanzu 'yata tana danna waya sau ɗaya ta tsaya a hoto a duk inda ta ga dama, ba ƙyalle, ba bulala, ba wanda za ta roƙa. Ina taya ta murna. Ramin da Baba ya tsoma zanen ya daɗe da bushewa, Baban ma ya riga mu gidan gaskiya. Na hau Dala da ƙafata sau da yawa tun daga lokacin, kuma ban taɓa jin tsayin da na ji a gaban bangon ajinmu ba. Yadin yana nan a ƙasan akwatina, ya koɗe, kuma ban taɓa bari an sake buga shi ba.