Kashi na Huɗu a Ajin Malama Batulu

Ko ka taɓa ganin malamar firamare da ke zuwa aji da ƙwarya a ka? Haka Malama Batulu take fitowa daga lungunsu na Ƙofar Kuyambana kowace safiya, ƙwaryar an rufe da faifai, ciki kuwa ƙwallayen dabino ne da marafan kwalba da tsakuwa. Ta taɓa gwada gyaɗa, ta bari, don a cewarta yara kan gama darasin ɗebewa tun ba a fara ba.

Na same ta a makarantar a 1987, ina sabuwar malama, ajina na jikin nata. 'Yar maɗinkin hula ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, da alli ta raine su. Sau biyu ana ba ta aji shida tana ƙi. Ta ce a aji biyu ne yaro ke yanke shawarar ko zai so lissafi ko zai gudu, ita kuwa a bakin wannan ƙofa take son tsayawa.

A shekarar akwai wata yarinya a ajinta, Mariyamu, jikar wata mai sayar da ƙulle-ƙullen kayan miya a cikin gari. Tarawa da ɗebewa, kafin a rufe baki ta ba da amsa. Amma da an zo rabawa sai ta faɗi. Ni da ba na wuce abu ban ƙirga ba, na duba: tambaya goma, ta faɗi goma. Dabino goma sha biyu ga yara uku, ta rubuta uku uku. Lemo ashirin ga mutum huɗu, ta rubuta huɗu huɗu. Hedimasta ya ce in ta yi haka a jarrabawar ƙarshen shekara, za ta maimaita aji. 'Yan ajin suka fara kiranta "ɓaunar lissafi", wato daƙiƙiya, ta daina ɗaga hannu.

Na ce wa Malama a ba ni ita, in sa ta haddace sau-sau har ya zauna.

"Sannu da zafin nama, ƙanwata," in ji ta. "Wanda bai sani ba yakan dace ko da sau ɗaya ne. Wannan ba ta taɓa dacewa ba. Akwai abin da take yi."

Da aka tashi hutun tara, ta zaunar da Mariyamu a tabarma, ta kira yara uku 'yan ajin, ta zube ƙwallaye goma sha biyu.

"Mairo, ga Tanko, ga Hadiza, ga Ladi. Raba musu."

Yarinyar ta riƙa ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa. Da ta gama, kashi huɗu ne a tabarma, uku uku, babu wanda ya fi wani.

"Wannan na Tanko, na gani. Wannan na Hadiza, wannan na Ladi. Na huɗun fa?"

"Na wanda bai zo ba ne."

"Wane ne shi?"

"Ban sani ba, Malama. Iya ma ba ta saninsa sai ya yi sallama."

Ashe a gidansu ba a kwashe tuwo ba tare da an ware kwano ɗaya an rufe ba. Mutanen ƙauye da suka kawo hatsi yamma ta yi musu, ko wani ɗan uwa da ya biyo hanya, duk wanda ya shigo zai tarar da nasa. Mariyamu ce ke jera kwanonin. Kakarta ta koya mata cewa raba abinci daidai da kawunan da ke gabanka rowa ce.

Malama Batulu ta dubi kashin nan.

"Iya ta yi gaskiya," ta ce. "Kuma rabonki daidai ne. Amma bari in gaya miki halin mutanen cikin littafi. Su tun a madafa suke cire na baƙo su rufe. Abin da suka kawo miki a takarda, ragowar ce."

Mariyamu ta ɗago. "To me ya sa ba sa rubutawa?"

"Ke kina shelar kwanon baƙo a zaure?"

Ta girgiza kai, har da ɗan murmushi. Ta sa hannu ta watsa kashin na huɗu, ta ƙara wa kowa ɗaya. Huɗu huɗu.

Daga ranar, duk tambayar rabawa da Malama ta rubuta a allo, da "Bayan an ajiye na baƙo" take farawa. Ranar jarrabawa ni na tsare ajinsu, takardar kuwa babu wannan jimla. Na ga leɓen Mariyamu yana motsi kafin kowace tambaya, tana faɗa wa kanta. Ta ci tara cikin goma, ta tafi aji uku tare da ƙawayenta.

Malama Batulu ta yi ritaya a 1996, har lokacin a aji biyu.

Don Allah, in akwai ƙaramin yaro a gidanku, zuba masa dabino goma sha biyu yau, ka ce ya raba wa mutum uku. Kada ka yi saurin gyara masa. Ƙirga kashin tukuna, sannan ka tambaye shi na wane ne kowanne.