Furen Tattasaina da Injin Baffa

Shekarar da babanmu ya rasu, ni na karɓi garkarsa, wato lambunsa, da ke kwarin Badaguishiri, don ƙannena mata ne kuma ƙanana. Ƙanensa, da muke kira Baffa, bai so ba. Garkarsa na jikin tamu, rijiya ɗaya muke sha, kuma ya daɗe yana son haɗe su.

Na dasa tattasai, ya yi kyau, ya yi fure fari fat. Sai furen ya soma zuba tun bai ɗaura ɗa ba. Kullum na zo in tarar da shi a ƙasa kamar an watsa tsaba. Wallahi na yi kuka, amma ba gaban kowa ba.

Baffa ya tara dangi. Ya ce, "Ɗiyata, hannunki ba shi da albarkar noma. Ki bar garkag ga, kar ta mutu."

Hannuna? Hannun da ya yi shekara goma yana dashe tare da babana?

Na ɗauko malamin gona daga Illela. Ya zagaya, ya tsaya daidai bakin rijiya, inda Baffa ya girke tsohon injinsa na ban ruwa, hayaƙin yana busowa kan kuyyoyin tattasaina tun safe har azahar. Malamin ya ce a cikin hayaƙi akwai wata iska irin wadda tsiro ke saki da kansa idan lokacin zubar fure ya yi. Fure kuma yana da abin jin ta, gado ne daga iri, wani irin ya fi wani ji. Da ya ji ta sai ya saki, ko lokaci bai yi ba.

Na ce, "Baffa, a matsar da injin."

Ya ce, "Injina na ba ki ruwa, ki ce mini mi? Ko ya zauna nan, ko ki nemi ruwanki."

Na ce zan nema. Ya ɗauke injinsa cikin fushi, ya kai ƙarshen garkarsa, ya janye tiyo. Ni kuwa na koma guga da bokiti biyu, wata uku cur, har kafaɗuna suka saɓe. Sabon fure ya fito, ya zauna, ya ɗaura.

Ranar tsinka ta farko Baffa ya leƙo ta kan darni, ya daɗe yana kallon buhuna. Ya ce, "Bana dai an yi sanyi mai kyau."

Na ce, "Ƙwarai, Baffa. Baɗi ma nan za ka same ni."